'Yan biyuna kamarsu ɗaya, gida ɗaya suka tashi, me ya raba riƙon addininsu?

"Assalamu alaikum Dakta. Ina da 'yan biyu maza masu kama ɗaya sak, shekararsu 26 yanzu. Nono ɗaya suka sha, makaranta ɗaya suka yi, malami ɗaya ya karantar da su tun suna ƙanana. Amma tun da suka gama jami'a sai ɗayan ya zama ba ya wasa da ibada ko kaɗan, ga nafila ga karatu, ɗayan kuwa sai an yi da gaske yake yin ta farilla a kan lokaci, kwanaki ma ce min ya yi yana da tambayoyi a ransa game da addini. Na ji ana cewa masu kama ɗaya komai nasu na halitta iri ɗaya ne, to in haka ne daga ina bambancin ya fito? Ni ce na yi sakaci da ɗaya, ko kuwa abin a jini yake?"

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya miki su ya yi musu albarka. Tambayar nan taki in aka warware ta guda uku ce a ɗaure wuri ɗaya: shin da gaske masu kama ɗaya komai nasu ɗaya ne, shin riƙon addini ana gadonsa ta jini, sannan in ana gadon to yaya aka yi mutum biyu masu jini iri ɗaya suka raba hanya. Akwai kuma ta huɗu wadda na san ita ce ta fi damun ki, wato ko laifinki ne. Bari in fara da ita don kar ki yi ta karatu gabanki na faɗuwa. Abin da kika bayyana ba baƙon abu ba ne ko kaɗan a wurin masu binciken tagwaye, kuma duk lokacin da aka zauna aka auna bambancin yadda iyaye ke mu'amala da 'ya'yansu, ɗan abin da yake bayyanawa na bambancin 'ya'yan kaɗan ne ƙwarai. Zan dawo kan wannan da hujja.

Ni fannina nazarin halayyar ɗan Adam ne, musamman ɓangaren da ke duba rawar gado da ta muhalli, shi nake koyarwa kuma a kansa nake zama da iyaye da matasa. Ba malamin addini ba ne ni, saboda haka maganar shiriya da wanda ke ba da ita na bar wa malamai, zan tsaya ne a kan abin da ake iya aunawa.

Me ya sa tagwaye ake bi

Tagwaye iri biyu ne. Akwai waɗanda ƙwai ɗaya ne aka yi cikinsa sannan ya rabe biyu a kwanakin farko, su ne masu kama ɗaya irin naki, kuma ana samun su kamar sau 3 zuwa 4 cikin haihuwa 1,000 kusan ko'ina a duniya. Akwai kuma 'yan ƙwai biyu, waɗanda ta fuskar gado ba su wuce wa da ƙani ba, kawai dai ciki ɗaya suka kwanta, a matsakaici rabin ƙwayoyin gadon da ke bambanta mutane suke tarayya a kai, shi ya sa za ki ga mace da namiji ko dogo da gajere.

Francis Galton ne a Ingila ya fara rubutu a 1875 a kan cewa za a iya amfani da tagwaye a gane me aka haifi mutum da shi me kuma ya tsinta a rayuwa, amma hanyar kwatanta iri biyun nan sai a shekarun 1920 ta kankama. Dabarar ba ta da wuya. Duka iri biyun gida ɗaya suke tashi, shekara ɗaya, iyaye ɗaya. To in aka auna wani hali aka ga 'yan ƙwai ɗaya sun fi 'yan ƙwai biyu kama da juna a kai, ƙarin kamar daga ƙarin gadon da suka haɗa ta fito. In kuwa aka ga duka iri biyun kamarsu ɗaya, to gidan ne ya yi aikin. Abin da ya rage kuma, wato duk inda 'yan ƙwai ɗaya suka saɓa wa juna duk da jini ɗaya da gida ɗaya, shi ake zubawa a kaso na uku, abin da kowa ya gamu da shi shi kaɗai.

Bari in ba ki misali da lambobin da na ƙirƙira don a gane lissafin kawai. A ce an auna yawan ibada, kamannin 'yan ƙwai ɗaya ya kai kashi 60 cikin 100, na 'yan ƙwai biyu 40. Tazarar 20 ce, sai a ninka ta biyu tunda rabin gado ne ya raba su, gado ya tashi da 40. A cire 40 daga 60, gida ya tashi da 20. Ragowar 40 ɗin da ta hana 'yan ƙwai ɗaya kaiwa 100, ita ce ta rayuwar kowa shi kaɗai. Yanzu da kwamfuta ake yi da lissafi mai zurfi amma ƙashin bayan abin kenan. A 2015 Tinca Polderman da abokan aikinta sun tattara binciken tagwaye na shekara hamsin, takardu sama da 2,700, suka ga in aka haɗa duk halaye da siffofin da aka taɓa aunawa matsakaicin rabon gado kashi 49 ne. Kin ga ke nan ko a jimlace rabi ne, ba duka ba.

Wane addini, da kuma yaya ake riƙe shi

Nan ne nake so ki ɗan tsaya, don abu biyu ne daban da mutane ke cakuɗawa. Na farko wane addini mutum yake bi. Na biyu yaya ƙarfin riƙonsa yake, yawan ibada, yadda abin ya shiga zuciya, yadda yake tuna shi in zai yanke shawara.

A na farkon gado ba shi da wata rawa ta a-zo-a-gani. Lindon Eaves da Nicholas Martin da Andrew Heath sun duba tagwayen Ostireliya da iyayensu a 1990, daga baya Brian D'Onofrio da su Eaves suka sake bin abin a 1999 da manyan bayanai daga Amurka, duk magana ɗaya ce, addinin da mutum ke amsa sunansa daga gida da al'umma yake ɗaukarsa, 'yan ƙwai ɗaya da 'yan ƙwai biyu kusan daidai suke a nan. Ba a haifar kowa da ƙwayar gadon wani addini. Kuma wannan bai saɓa da abin da kika sani ba na hadisin da ya ce kowane yaro ana haifarsa a kan fiɗira, iyayensa ne ke mayar da shi Bayahude ko Banasare ko Bamajuse.

Labarin da ya fi fito da wannan fili shi ne na Oskar Stohr da Jack Yufe. A Tirinidad aka haife su a 1933, 'yan ƙwai ɗaya, ubansu Bayahude uwarsu Bajamushiya 'yar Katolika. Suna da wata shida aure ya mutu, uwar ta ɗauki Oskar ta koma Turai inda ya tashi a hannun kakarsa a matsayin ɗan Katolika a ƙarƙashin mulkin Nazi har ya shiga ƙungiyar matasan Hitler, shi kuwa Jack ya zauna da uban ya tashi Bayahude, ya yi zama a Isra'ila kafin ya koma Kalifoniya. Sun haɗu a Jamus a 1954 suna da shekara 21, haɗuwar ba ta yi daɗi ba, suka rabu aka shafe shekara 25. A 1979 Thomas Bouchard na Jami'ar Minesota ya fara bincikensa na tagwayen da aka raba tun suna jarirai, sai su biyun suka je. Suka sauka kowa da gashin baki, kowa da tabarau mai siririn ƙarfe, kowa da riga mai aljihu biyu da maɗauri a kafaɗa. Da aka zauna da su sai ga shi duk su biyun suna kora ruwan masai kafin su yi amfani da shi, suna saƙala roba a wuyan hannu, suna karanta mujalla daga baya zuwa gaba, ga saurin fushi iri ɗaya. Amma addininsu da yadda suke kallon tarihin yaƙin da ya ratsa rayuwarsu, kowa na inda ya tashi ya ɗauka. Ina ba ɗalibai labarin nan amma kullum da gargaɗi, labari ɗaya ba hujja ba ne, in kika zaunar da kowane mutum biyu kwana da kwanaki kina tono za ki samu abubuwan mamaki da suka yi tarayya a kai. Amfaninsa dai ya nuna miki cewa jini ɗaya bai hana addini biyu ba.

A na biyun kuma, wato ƙarfin riƙo, labarin ya sha bamban. A 1990 Niels Waller da Bouchard da abokansu sun fitar da sakamako daga tagwayen Minesota, waɗanda aka raba da waɗanda suka tashi tare, suka ga kusan rabin bambancin da ke tsakanin mutane a sha'awar addini da ba shi muhimmanci yana da alaƙa da gado. Mutane da yawa sun yi mamaki a lokacin, har da masu binciken halayya, don an ɗauka in akwai abin da tarbiyya ce zalla to addini ne.

Amma binciken da ya fi dacewa da 'ya'yanki shi ne na Laura Koenig da Matt McGue da Robert Krueger da Bouchard a 2005. Maza ne zalla, 'yan ƙwai ɗaya tagwaye 169 da 'yan ƙwai biyu 104, shekarunsu talatin da 'yan kai, aka tambaye su yadda riƙon addininsu yake yanzu da yadda yake lokacin da suke tasowa. A lokacin tasowa gida ne ke da kaso mafi tsoka, kashi 56, gado 12 kacal. Da suka girma sai abin ya juye, gado ya hau 44, gida ya sauko 18, ragowar kusan 38 kuma na rayuwar kowa shi kaɗai. Dalilin a bayyane yake in kin duba, yaro ɗan shekara goma ba shi ke zaɓa ba, in an ce tashi a yi salla zai tashi, in an ce a tafi wurin ibada zai bi, duk yaran gidan sai su zama iri ɗaya a ido. Sai ranar da ya bar gida babu mai tashinsa da asuba, ranar ce abin da ke cikinsa da abin da ya gamu da shi a waje suke fara bayyana. Kin ce tun da suka gama jami'a kika ga canjin, to wannan shi ne daidai shekarun da ake ganin haka.

Abin da kashi 44 ba ya nufi

Duk shekara sai na yi fama da ɗalibai a kan wannan, da zarar sun ji 44 sai su rubuta min cewa kashi 44 na imanin mutum daga jini yake sauran daga tarbiyya. Ba haka ba ne. Lambar ba ta magana a kan mutum ɗaya sam, tana magana ne a kan bambancin da ke tsakanin mutane masu yawa a wani wuri a wani zamani. Ki ɗauki iri kala-kala ki shuka a gona ɗaya mai taki ɗaya da ruwa ɗaya, duk bambancin tsayin da kika gani daga irin ne. Ki ɗauki iri ɗaya ki raba shi gona mai ruwa da gona busasshiya, duk bambancin daga gonar ne. Ba wanda zai ce miki rabin tsayin wannan karan na iri ne rabi na ruwa. In wurin ya canza lambar ma canzawa take.

Sannan babu wata ƙwayar gado guda ta imani. A 2004 wani masanin ƙwayoyin gado a Amurka, Dean Hamer, ya fitar da littafi yana danganta wata ƙwaya mai suna VMAT2 da jin kusanci da abin da ya fi ƙarfin mutum, jaridu suka yi ta yayatawa, amma ko a lissafinsa abin da ƙwayar ke bayyanawa bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma masana ba su karɓi maganar a matsayin tabbatacciya ba. Abin da muka sani game da halaye gaba ɗaya shi ne dubban ƙwayoyi ne kowace da ɗan mitsitsin tasiri, kuma mafi kusa da hankali shi ne ba ibadar ake gada ba, ana gadon yanayin mutum ne, wani mai son tsari da bin ƙa'ida ne, wani mai yawan tambaya, wani zuciyarsa saurin karyewa take, wani ba ya iya zama sai cikin jama'a. Waɗannan su ke haɗuwa da abin da mutum ya tarar su ba da irin riƙon da ake gani. Mai yawan tambaya in ya dace da malami mai haƙuri zai iya zama shi ne mai zurfin ilimi a gidan, in kuma aka yi ta kwaɓarsa ya ja baya, yanayin ɗaya ne.

Kar kuma ki ɗauka sauka daga 56 zuwa 18 na nufin tarbiyya ta tashi a banza. A Holan, Dorret Boomsma da Judith Koopmans da abokansu sun nuna a 1999 cewa tashi a gidan addini yana rage tasirin gado a kan wasu halaye, misali a cikin 'yan matan da aka yi wa tarbiyyar addini rawar gado wajen fara shan giya ta kusa ɓacewa, alhali a sauran tana nan da ƙarfinta. Wato tarbiyya na iya danne abin da jini ke ja. Kuma ɗanki da kike damuwa da shi, ai cewa kika yi yana jinkiri yana tambaya, ba ki ce ya bar gidan da kika gina masa ba.

To daga ina bambancin ya fito

Kama da wane ba ta wane. Ko a jiki masu kama ɗaya ba ɗaya ba ne, zanen yatsunsu daban, sau da yawa nauyinsu na haihuwa daban, kusan kashi biyu cikin uku nasu mabiyiya ɗaya suke tarayya a ciki kuma ba lallai rabon jinin ya zo daidai ba. A 2021 masu bincike na kamfanin deCODE a Aislan sun karanta DNA, wato rubutun gadon da ke cikin ƙwayoyin jiki, na ɗaruruwan tagwaye suka ga a matsakaici akwai sauye-sauye kamar 5 da suka faru tun farkon rabuwar ƙwan waɗanda ɗaya ke da su ɗaya babu, a wasu tagwayen ma sun fi haka nesa. Kafin nan a 2005 Mario Fraga da Manel Esteller a Sifaniya sun nuna cewa alamomin da ke kunna ƙwayoyin gado da kashe su kusan iri ɗaya ne a tagwaye ƙanana, amma a manya sun yi nisa da juna, musamman waɗanda suka daɗe ba sa tare. Na kawo waɗannan ne don amsa tambayarki ta ko komai nasu ɗaya ne. Amma ban ce su ne suka raba ibadar 'ya'yanki ba, tsakanin sauyi biyar a DNA da tashi sallar asuba akwai tafiya mai nisa da kimiyya ba ta haɗa ba, duk wanda ya ce miki ya haɗa ya wuce gona da iri.

Inda na fi ba da ƙarfi shi ne rayuwar da kowa ya yi. Kin ce makaranta ɗaya, amma ɗaki ɗaya suka kwana a jami'a? Kwas ɗaya suka karanta? Abokin da ɗaya ya yi a shekarar farko, malamin da ya ja ɗaya a jiki, wanda ɗayan ya ga yana wa'azi da baki yana saɓawa a aikace, rashin lafiya, mutuwar aboki, soyayyar da ta watse, abin da kowa ke kallo a waya da dare, aikin da ɗaya ya samu ɗaya bai samu ba. Ko abu ɗaya ne ya same su tare ba lallai su ɗauke shi iri ɗaya ba, rasuwa ɗaya tana iya kai wani ga sujada ta bar wani da tambayar me ya sa. Kuma ƙaramin abu yana girma, wanda ya fara zama da masu ibada zai ƙara samun abokai irinsu, su ja shi gaba, shekara biyar sai ki ga tazarar da ba ta yi kama da ɗan abin da ya faro ta ba.

Robert Plomin da Denise Daniels sun yi wata shahararriyar takarda a 1987 suna tambayar me ya sa 'ya'yan gida ɗaya suke bambanta haka, aka bazama neman dalilai. A 2000 Eric Turkheimer da Mary Waldron suka tattara abin da aka samo, sai ga shi duk abubuwan da aka auna, bambancin kulawar iyaye, matsayin haihuwa, zaman 'yan'uwa, abokai da malamai, kowanne 'yan kashi kaɗan yake bayyanawa, na abokai da malamai ne ma ya ɗan fi na iyaye. Wannan ce hujjar da na ce zan kawo miki. Babban ɓangaren kason nan na uku tarin ƙananan abubuwa ne da ba su da tsari, ga kuma kuskuren awo da shi ma a nan ake zuba shi, mutum ya cike takardar tambayoyi yau ya cike ta bayan wata guda ba lallai amsa ta zo ɗaya ba.

Akwai wani abu kuma da ya keɓanta da tagwaye wanda nake yawan gani a zaman da nake yi da su. Mutumin da tun yana jariri ake kiran sa da sunan ɗan'uwansa, ake ɗinka musu kaya iri ɗaya, ake ce musu "ku" ko da shi kaɗai ne a wurin, wata rana zai so a san shi shi kaɗai. Wani saurayi da na taɓa zama da shi, ɗan'uwansa ya yi suna a gida da ibada, ya daɗe yana murza hular da ke hannunsa kafin ya ce min, "Dakta, in na shiga sahu cewa ake na yi koyi da shi, in ban shiga ba cewa ake me ya sa ban zama kamarsa ba, ni ina nawa wurin?" Bai ƙi addini ba, ya gaji ne da zama kwafin wani. Ba kowane tagwaye ke haka ba, kuma ba zan iya cewa daga saƙo ɗaya haka naki yake ba, amma ki riƙe shi a rai.

Inda binciken yake da rauni

Gaskiya dole in faɗa miki iyakar lambobin nan. Kusan duk manyan binciken a Amurka da Ostireliya da Birtaniya da arewacin Turai aka yi su, a kan mutanen da galibinsu Kiristoci ne ko daga gidajen Kirista suka fito, a ƙasashen da mutum zai bar zuwa coci ba wanda ya ce masa uffan. A al'ummar da kusan kowa ke ibada a bainar jama'a ana sa ran rabon gida da jama'a ya fi haka girma, saboda haka kar ki ɗauki 44 da 18 kamar an sassaƙa su a dutse. Sannan hanyar ta ginu ne a kan zaton cewa ba a fi haɗa 'yan ƙwai ɗaya a mu'amala ba fiye da 'yan ƙwai biyu ta yadda zai shafi halin da ake aunawa, masu suka sun daɗe suna cewa an fi haɗa su, in haka ne an kumbura rabon gado. Ta ɗaya gefen kuma mutane suna auren masu irin riƙon addininsu, wannan yana ƙara kamannin 'yan ƙwai biyu ya sa rabon gado ya fito ƙasa da yadda yake. Binciken 2005 ɗin ma tuna baya aka ce su yi, kuma tunani yana gyara tarihi, ko da yake wasu binciken da suka bi matasa shekara da shekaru sun ga irin wannan hauhawar. Mafi girma duka, takardar tambaya tana ƙirga sau nawa mutum ya je wurin ibada da abin da ya ce yana ji, ba ta ganin zuciya.

Abin da zan ce ki yi

Ki daina auna ɗaya da ɗaya, a gabansu da bayan idonsu, kuma ki roƙi 'yan gida su daina. "Dubi ɗan'uwanka" ga kowane yaro tana da ciwo, ga ɗan biyu kuwa ta fi, don ba shi da uzurin cewa ai mu ba ɗaya ba ne. Kar kuma ki ɗora wa mai ibadar aikin gyara ɗan'uwansa, za ki iya ɓata abin da ke tsakaninsu, alhali wannan zumuncin shi ne igiyar da ta fi kowace ƙarfi a rayuwarsu.

Da ya ce miki yana da tambayoyi, ni a wurina alama ce mai kyau, don wanda ya yanke shawarar tafiya ba ya zuwa ya gaya wa uwarsa abin da ke ransa. Ki zauna da shi shi kaɗai ki ce ya faɗa miki, ki saurara har ya gama ko da abin ya yi miki nauyi, ba sai kin iya amsawa ba. In ya yarda, a nema masa malami mai ilimi da sanyin hali wanda tambaya ba ta tayar masa da hankali, wanda shi ya zaɓa ko ya aminta da shi, ba wanda za a kai shi gabansa kamar mai laifi ba. Kuma shekara 26 ba ƙarshen magana ba ce, bincike a ƙasashe da dama ya nuna riƙon addini yakan yi ƙasa a farkon ƙuruciyar manya ya sake ɗagowa wajen aure da haihuwa, ba ga kowa ba amma ga da yawa.

Abu na ƙarshe ta ɓangaren aikina, ki lura ko ja da bayan ya zo tare da wasu canje-canje, barci ya lalace, ya daina cin abinci sosai, ya janye daga abokai, abin da yake so da ya daina burge shi, ko yana maganar rayuwa ba ta da amfani. In haka ne to wataƙila ba maganar aƙida ba ce, ciwon damuwa ne, yana sa komai ya yi wa mutum nauyi har da ibada, kuma likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayya ya kamata ya gani ba tare da jinkiri ba. Shi ma mai yawan ibadar ki sa masa ido ta wannan fuskar, in kin ga yana maimaita alwala ko salla sau da yawa saboda kokwanto, yana cikin tsoro kullum har abin na hana shi aiki ko barci, wannan waswasi ne da ake magani, a kai shi a duba shi.